Kasuwar daren Lahadi: auna ɗan wasan da ba shi da ubangida a fantasin besbol mai zurfi

A ƙarshen Yulin 2019 ƙungiyar Cincinnati Reds ta sallama Yasiel Puig ga Cleveland a wata musayar 'yan wasa. Ran 1 ga Agusta ta kira Aristides Aquino daga ƙungiyarta ta reno da ke Louisville, ta ba shi gurbin da Puig ya bari a gefen dama na fili. Cikin watan nan kaɗai Aquino ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 14, dukan da ake kira homron, har aka ba shi gwarzon wata. Da Satumba ta kama sai majefa suka gano lagonsa, ya ƙara 5 kawai, dukansa ya yi ƙasa sosai. Bayan 'yan shekaru ya tafi wasa Japan.

Mutum biyu suka sayi Aquino a fantasi, wasan da mutum ke haɗa ƙungiyarsa da 'yan wasan gaske yana cin maki da abin da suka yi a fili, kuma ba haja ɗaya suka saya ba. Na farko ya ɗauke shi a Lahadin farko ta Agusta da 'yan kuɗi kaɗan, dalilinsa kuwa ɗaya ne: Puig ya tafi, Reds ba ta da wani abin nema a kakar, saboda haka yaron zai riƙa buga wasa kullum. Na biyu, a wata gasar, ya jira har sunan ya cika kafafen labarai, sannan ya zuba kuɗi masu yawa ko ya ba da ɗan wasa na kirki a musaya. Na farko ya kwashe Agusta. Na biyu ya biya kuɗin Agusta amma Satumba aka kai masa gida. Duk abin da zan faɗa a nan yana cikin tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu.

Wanda ya saba da fantasin Firimiyar Ingila yana buƙatar gyara tunaninsa a kan abu guda kafin mu ci gaba. A can mutum miliyan na iya riƙe ɗan wasa ɗaya a lokaci ɗaya. A fantasin besbol na Amurka kuwa, kowane ɗan wasa ubangida ɗaya gare shi a cikin gasa. In wani ya riga ka, shi ke nan, sai dai ku yi musaya. Tsarin ya samo asali ne a 1980, lokacin da Daniel Okrent da abokansa suka kafa gasarsu a New York, suka laƙaba mata sunan gidan abincin da suke haɗuwa, La Rotisserie Française, shi ya sa har yau ake ce wa salon roto. Yawanci fanni goma ake ƙirgawa. Biyar na masu sanda ne: homron, makin da mutum ya ci da ƙafarsa, makin da ya tura wasu suka ci, satar tasha (tasha ita ce wurin da mai gudu ke tsayawa a hanyarsa ta cin maki), da ma'aunin duka (kason dukan da ya yi nasara). Biyar na majefa ne: nasara, rufe wasa, korar masu sanda, sai ERA da WHIP, waɗanda ke auna yawan makin da ake ci a hannun majefi da yawan mutanen da yake bari su hau tasha. A gasar mutum 15, wanda ya fi kowa a fanni yana samun maki 15, na ƙarshe 1, a tara duka a ƙarshen kaka.

Ɗan wasan da ba shi da ubangida a nan yana nufin wanda babu mai riƙe da shi a gasarku, ko da yana da kwantiragi a ƙungiyarsa ta zahiri. Zurfin gasa kuma lissafi ne mai sauƙi. MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, tana da ƙungiyoyi 30, kowace na da 'yan wasa 26 a jerin masu aiki, jimla 780. Gasar abokai ta mutum 10 ba ta ɗebe ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, don haka kullum akwai ɗan wasa mai kyau yana zaune ba mai shi. Babbar gasar NFBC kuwa, wata gasar fantasi ta Amurka, mutum 15 ne, kowa da 'yan wasa 30, an kwashe 450 ke nan. Akwai wadda ta fi wannan tsanani, inda mutum 12 ke zaɓa daga rabin MLB kawai, ɓangaren AL ko na NL: gurbi 23 sau 12 ya ba da 276 daga cikin 390, tun ba a lissafa benci ba. Abin da ya saura a irin wannan kasuwa shi ne masu jiran gurbi, da majefan tsakiyar wasa, da waɗanda aka kira jiya daga ƙaramar gasa.

To, a kasuwar da ta bushe haka, tambayar farko da nake yi game da kowane mai sanda ita ce sau nawa zai tsaya gaban majefi a makonni huɗu masu zuwa. Gwanintarsa tana zuwa daga baya. Huɗu daga fannoni biyar na masu sanda tari ne, kuma ba a tara komai daga kan benci. Ɗan wasa matsakaici mai tsayuwa 25 a mako ya fi gwani mai tsayuwa 9. A gasa marar zurfi wannan magana ba ta da nauyi, domin kowa a jerinka yana buga wasa kullum. A gasa mai zurfi kuwa, ƙungiyar da ta fi tara tsayuwa a kaka tana kusa da saman tebur a fannin maki ko da ba ta da taurari.

Gane ko mutum zai samu wasa aiki ne na bin diddigi, kuma nan ne ya kamata mafi yawan lokacin daren Lahadi ya tafi. A fara da dalilin da ya buɗe masa ƙofa. In rauni ne, wane jerin marasa lafiya aka sa mai gurbin? Na kwana 10 ne, ko na kwana 60? Wanda ya shigo a madadin mai ciwon kwana 10 baƙon mako biyu ne, kuɗinsa bai kamata ya wuce na mako biyu ba. In musaya ce ta buɗe gurbin, ƙofar ta fi daɗewa a buɗe. Ran 2 ga Agustan 2022 Washington ta sayar da Juan Soto da Josh Bell ga San Diego, ta kira Joey Meneses, mutum mai shekara 30 da bai taɓa taka MLB ba. Babu wani jerin matasa masu tasowa da ke ɗauke da sunansa. Amma ƙungiyar tana ƙasan tebur, ba ta da wanda za ta sa, sai ya riƙa fitowa kullum a tsakiyar jerin masu duka, ya ci homron 13 a wasa 56. A 2023 ƙarfinsa ya ragu, homron 13 ɗin ya sake yi a kaka cikakkiya, amma da yake bai bar jerin ba ya tura maki 89. Mai gasa mai zurfi ya ci riba a shekarun biyu.

Wannan ya sa nake son ƙungiyoyi marasa ƙarfi. Ƙungiyar da ke neman kofi ba ta da haƙuri; mako biyu na rashin duka ya isa a mayar da mutum benci. Wadda ta san ba ta zuwa ko'ina tana barin ɗan wasa ya yi ta faɗuwa yana tashi. Brent Rooker ya yi yawo daga Minnesota zuwa San Diego zuwa Kansas City ba tare da an ba shi dama mai tsawo ba. Oakland ta ɗauke shi a ƙarshen 2022, ta bar shi ya buga, ya ci homron 30 a 2023 da 39 a 2024. Ƙarfin yana nan tun da can. Wurin nuna shi ne ya rasa.

Sai a duba wurinsa a jerin masu duka tara. Kaka wasa 162 ce, kuma wasa na iya ƙarewa a kan kowane gurbi, don haka kowane mataki ƙasa yana rage wa mutum tsayuwa kimanin 18 a kaka. Tsakanin mai buɗe jeri da na takwas akwai tazarar da ta haura 120. A kuma duba ko ana raba gurbin tsakanin mutum biyu, ɗaya don majefa masu hannun dama, ɗaya don bahagwai. Mafi yawan majefan da ke fara wasa na dama ne, saboda haka bahagon mai sanda a irin wannan rabo yana samun kaso mafi tsoka kuma yana da amfani, abokin rabonsa kuwa wasa biyu a mako ne abincinsa. Akwai ma wani abu da mutane ke tsallakewa: ko ƙungiya na da ikon mayar da ɗan wasan ƙaramar gasa ba tare da ta rasa shi ba. Wannan iko shekara uku ake da shi a kan ɗan wasa. Wanda nasa ya ƙare, in aka ce za a saukar da shi sai an fara tallata shi ga sauran ƙungiyoyi 29, don haka akan riƙe shi a saukar da wani, ko da wanin ya ɗan fi shi.

Bayan an tabbatar da gurbi ne ake zuwa kan gwaninta, kuma a nan alƙaluman makon jiya su ne mafi yaudara. Chris Shelton na Detroit ya ci homron 9 a wasanni 13 na farkon 2006. Kafin Yuli ta fita an mayar da shi ƙungiyar reno da ke Toledo. Yermín Mercedes ya buɗe 2021 da duka takwas a jere ba kuskure, ya zama gwarzon sababbi na Afrilu a AL, farkon Yuli Chicago White Sox ta saukar da shi. Ma'aunin duka na mako uku kusan duk sa'a ce, domin ƙwallon da aka doka cikin fili tana faɗawa inda babu mai tsaro kimanin sau uku cikin goma, kuma a ɗan gajeren lokaci wannan kaso yana lilo sama da ƙasa ba tare da wani dalili ba. Binciken Russell Carleton, wani masanin alƙaluman besbol, ya nuna cewa alƙaluman ba sa nuna gaskiya a lokaci ɗaya. Yawan korar da ake wa mai sanda yana fara zama abin dogaro bayan tsayuwa wajen 60, yawan tafiyar kyauta da yake samu (hawa tasha ba tare da duka ba, in jifan majefi ya yi ta kaucewa) bayan wajen 120, amma sa'ar faɗuwar ƙwallo cikin fili tana buƙatar sama da duka 800, fiye da kaka guda ke nan. Ma'anar wannan ga mai saye a fili take: a dubi abin da ke nuna kansa da wuri, a yi watsi da wanda ke jinkiri.

Tun 2015 da aka kafa na'urorin Statcast a filaye 30, ana iya ganin gudun da ƙwallo ke barin sanda, kyauta, a shafin Baseball Savant. Dukan da ya kai mil 95 a awa, kusan kilomita 153, shi ake ƙirgawa a matsayin mai ƙarfi. Abin da na fi so a nan shi ne mafi girman gudun da mutum ya taɓa fitarwa, domin duka ɗaya ya isa shaida. Wanda bai da ƙarfi ba ya yin sa bisa kuskure. Amma ina gargaɗi a kan ɗaukar jajayen alamomin shafin nan kamar hukuncin alƙali. Kowa a gasarku yana ganin su, farashi ya riga ya haɗiye su.

Abin da ya fi daraja shi ne canjin da ke da dalili. José Bautista bai taɓa wuce homron 16 a kaka ba kafin 2010. A ƙarshen 2009 masu horarwa a Toronto sun sa shi ya riƙa fara motsin dukansa da wuri, a makonnin ƙarshe na kakar ya ci 10, a 2010 ya ci 54. Max Muncy, wanda Oakland ta sallama a 2017, ya shigo Dodgers a Afrilun 2018 saboda raunin wasu, ya ci 35. Tun kafin ƙarfin ya bayyana an san shi da zaɓen jifa da yawan tafiyar kyauta, kuma irin wannan ido shi ke riƙe wa mutum gurbi ranar da sanda ta yi sanyi. Ruwa ba ya tsami banza. In ɗan wasa ya canza kuma zan iya nuna abin da ya canza, ina tayawa. In alƙaluma ne kawai suka yi tsalle, ina taya gurbinsa, ba tsallen ba.

Majefa kasuwa biyu ce daban. Ta farko ita ce ta masu rufe wasa, inda aiki ya fi gwaninta nesa ba kusa ba, domin mai horarwa ne ke raba wannan fanni da hannunsa. A Maris 2023 Edwin Díaz ya ji ciwo a gwiwa yana murnar nasarar Puerto Rico a gasar duniya, ya rasa kakar gaba ɗaya. David Robertson ya gaji zango na tara, wato kashi na ƙarshe na wasa, a Mets, ƙungiyar Díaz, darajarsa ta tashi dare ɗaya. Ƙarshen Yuli aka sayar da shi ga Miami, abubuwa suka ɓaci masa, kafin Agusta ta ƙare Tanner Scott ya karɓe aikin. Labarin nan yana maimaita kansa duk shekara da sunaye daban. Wanda ya jira har aka naɗa sabon mai rufewa zai yi gogayya da mutum 14. Wanda ya ɗauki majefin zango na takwas mai yawan kora tun mako biyu kafin nan, alhali mai rufewar yana tangal-tangal ko ƙungiyarsa na shirin sayar da shi, dala ɗaya ko biyu ya kashe. Ko da naɗin bai zo ba, majefin tsakiya na ƙwarai yana gyara ERA da WHIP, ba asara aka yi ba.

Ta biyu ita ce ta masu fara wasa, kuma a nan ne gasa mai zurfi ke cin mutane. Majefin da ya rage a kasuwar mutum 15 da dalili ya rage. A ce ƙungiyarka ta jefa zango 600 da ERA 3.75, wato an ci maki 250 a hannun majefanka. Ka ɗauko wani don yana da wasa biyu a mako, aka ci shi 8 a zango 3. ERA ɗinka ya koma 3.85. Tazarar 0.10 a tsakiyar tebur tana iya zama maki biyu ko uku, kuma nasarar da ka je nema ba ka same ta ba. Mai sanda marar kyau yakan ba ka kaɗan. Majefi marar kyau yana ƙwace abin da ka riga ka tara. Tun 2001 da mai nazarin alƙaluma Voros McCracken ya nuna cewa majefi ba shi da iko sosai a kan inda ƙwallon da aka doka za ta faɗa, masu lura suka koma duba abin da ke hannunsa: kora da tafiyar kyauta. Ina cire kason na biyu daga na farko, in duba ko gudun jifarsa ya ƙaru ko ya kawo sabon salon jifa, sannan in duba inda zai yi wasa. Filin Coors na Denver yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo na tafiya nesa kuma jifa mai lanƙwasa ba ta lanƙwasa yadda ta saba. Ba na kai majefin kasuwa can.

Matasan da aka kira daga ƙaramar gasa su ne ke cinye kuɗi mafi yawa. Wani lokaci sun cancanta: Juan Soto ya shigo a Mayun 2018 yana da shekara 19 ya ci homron 22. Wani lokaci kuma Jackson Holliday ne, wanda ake wa kallon na ɗaya a matasa, ya samu duka 2 a 34 a Afrilun 2024 Baltimore ta mayar da shi. Mike Trout kansa, wanda ya zama babban tauraro daga baya, ma'aunin dukansa .220 ne kacal a 2011. Ina tayawa, amma da sanin cewa suna yana ƙara farashi fiye da yadda yake ƙara homron.

Darajar ɗan wasa kuma ba ɗaya ba ce ga kowa. Tebur ne ke faɗa. In kana da tazarar sata 4 tsakaninka da mutum uku da ke samanka, mai gudu marar ƙarfi ya fi maka mai ƙarfi marar gudu. In ka yi wa na bayanka nisa kuma na gabanka ya yi maka nisa, satar ba ta ƙara maka komai. Dokokin 2023, da suka faɗaɗa tasha daga inci 15 zuwa 18 suka kuma taƙaita yawan jifan da majefi zai yi don tsare mai gudu, sun ɗaga satar MLB daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503. Mai sata 20 ya daina zama abin nema ruwa a jallo, amma adadin da ake buƙata don hawa tebur shi ma ya tashi. Wanda ke taya masu gudu da farashin 2022 yana biyan kuɗin ƙarancin da ya riga ya wuce.

Saura maganar kuɗi. A NFBC kowa na da dala 1,000 na wasa don kaka duka, abin da ake kira FAAB. Tayin a ɓoye ake yin sa, daren Lahadi a buɗe, mafi girma ya ɗauka. Kuɗin ba ya haihuwa kuma ba a tafiya da shi baɗi. Ɗan wasan da aka saya a Afrilu zai yi maka aiki wata biyar da ɗoriya, na Agusta wata biyu, don haka dala ɗaya ta fi sayen abu da yawa a farkon kaka, kuma ni ina goyon bayan kashewa da wuri a kan gurbin da ya tabbata. Gasar rabin MLB ce ke da togaciya, domin musayar Yuli na iya jefo tauraro daga ɗaya ɓangaren, kuma mai kuɗi mafi yawa ne ke ɗauka. CC Sabathia ya koma Milwaukee daga Cleveland a Yulin 2008 ya yi nasara 11 da ERA 1.65. J.D. Martinez ya koma Arizona daga Detroit a 2017 ya ci homron 29 a wasa 62. Amma ba kowace shekara irinsu ke ƙetarowa ba, kuma wanda ya bar gurbi biyu suna zubar da tsayuwa tun Afrilu yana jiran Yuli ya riga ya biya kuɗin jiran, ko tauraron ya zo ko bai zo ba.

Kafin in rubuta adadi, ina sa sunan wanda zan saya kusa da na wanda zan sallama, domin ribar ita ce bambancin da ke tsakaninsu, kuma a gasa mai zurfi wanda ka sallama yau wani zai ɗauke shi Lahadi mai zuwa. Sannan ina duba sauran kuɗin abokan gasa da wanda ke da rami a wannan gurbi, don su ne zan yi gogayya da su, ba duka 14 ba. Ba na tsayawa a kan adadi mai sifili a ƙarshe; inda mutane za su rubuta 50, ina rubuta 53. A ƙarƙashin babban tayin kuma ina jera sunaye biyar ko shida na dala ɗaya ko biyu, dukansu masu fitowa wasa a makon, ta yadda in an fi ni a kan na farko, gurbin ba zai wayi garin Litinin babu kowa a ciki ba.